Gidan Da Na Kasa Rantsewa A Kansa

Malam Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni mutum ne mai muƙami har uku a unguwarmu a cikin Daura, kuma babu wanda ya naɗa ni ko ɗaya. Ni ne kafinta, ni ne magini, ni ne kuma likitan famfo. Karatun boko a aji huɗu na firamare na tsaya, ba don kaina ya cika ba, sai don malaminmu ya sa ni gyara ƙafar benci, na gyara, na ga ashe ga fannin da ake fahimtata, ban sake komawa ba. Saboda haka in ka ga rubutuna ya karkace ka sa masa guduma ka miƙe shi, ba zan ji haushi ba. Shekaruna sun haura sittin, gwiwa ta fara yi mini gardama a kan tsani, amma baki bai gaji ba. Duk wanda ya san ni ya san ba na iya gaisuwa ban haɗa da tsokana ba, ko liman ban bari ba. Na ɗauki wannan hali ado, kuma har yau ban ce ba ado ba ne, sai dai na ga ranar da na neme shi ya taimake ni ya tsaya yana kallona. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu sun rasu, wasu kuma muna sallah sahu ɗaya.

Aikin famfo ne ya kai ni bakin kasuwa wata safiya, na tarar da samari kwance a rumfunan da masu su ba su fito ba tukuna, kowa ya yi matashi da takalminsa. Ba yara ba ne, wasu gemu ya fara tsiro musu. Da rana dako suke yi ko turin ruwa, in 'yan kasuwa sun tashi su shimfiɗa kwali. Da na saba da su na ji kowa da abin da ya fito da shi: wannan 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu can yammacin jiha, wancan ubansa ya rasu dangin uba suka sayar da gida, wani kuma uwarsa ta yi aure inda ba a son agola. A cikinsu akwai wani gajere mai faɗin kafaɗa da ya taso ya tsuguna kusa da ni yana kallon hannuna. Na ci gaba da aikina. Na miƙa hannu baya ina lalube, sai ya ɗora mini sifanar da nake nema, ba wata ba. Na ce daga yau sunansa Dogo, tunda ba a ba shi tsawo ba ni na ba shi. Bai yi dariya ba. Shi Dogo dariyarsa tsada gare ta, kuma wannan ne ya sa na ƙwallafa rai a kansa. Kafin a jima ya zama mai riƙe mini jaka, wasu huɗu suka biyo shi. Matsalar ita ce wurin kwana. Ni gidan haya nake, ɗaki biyu, ni da tsohuwata, wato matata, da jikoki. Kuma babu magidancin da zai bar saurayi ya shiga masa cikin gida gyara in an tambayi ɗan gidan wa ne aka ce a rumfar kasuwa yake kwana.

To, ina da taubashi. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. A al'ada ni ɗan mace bawa ne, shi ɗan namiji ubangida, kuma duk shekara ranar cika-ciki sai in je in karɓi kuɗin shara a hannunsa. Tun muna yawo ba wando har muka yi furfura ban tuna ranar da muka yi magana babu zolaya a ciki ba. Ko ta'aziyya muka je sai an raba mana wurin zama. Allah ya buɗa masa a harkar hatsi, ya gina gidan siminti, ya bar tsohon gidan ƙasa da ya gada a bayan unguwa ya zama kango, soraye sun rufta, awaki na haihuwa a ciki. A shekarun baya, da sunan kuɗin shara, ya ba ni motarsa, ya ba ni gonarsa ta wajen Dutsi, har uwargidansa ya taɓa ba ni ya ce in zo da akori-kura in ɗauka. Ni kuwa na sayar masa da rijiyar Kusugu sau biyu, har ya koma ga Allah bai biya ba.

Ranar cika-cikin wannan shekara na same shi a majalisarsu gindin darbejiya tare da dattawa biyu abokansa. Na yi masa kirarin rowa, na miƙa hannu. Ya ce ya ji labari na haifi 'ya'ya biyar a kasuwa ba a gayyace shi suna ba. Na ce ƙwarai, kuma ubangidan kirki shi ke ba bawa masauki. Sai ya laluba aljihu ya ciro wani makulli mai tsatsa ya jefo mini a cinya, ya ce, "Je ka da kangon nan, kai da 'ya'yan naka. Na ba ka. Kada in sake ganin ƙafarka da maganar shara." Majalisa ta fashe da dariya, don kowa ya san kwaɗon na nan rataye a ƙofar zaure, amma katangar da ke gefensa ta zube, ko jaki zai shiga ba sallama. Ni ma na yi dariya, na sa makulli a aljihu, na yi masa addu'ar Allah ya ƙara rowa, na tafi. Malam Edita, iyakar yarjejeniyar ke nan. A kanta na ɗora makwancin mutum biyar, daga baya suka zama shida.

Na buɗe makaranta a kangon, ni ne hedimasta, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. Darasin farko miƙe tsohuwar ƙusa a kan dutse. Suka yi ta dukan yatsunsu ina ba su maki. Rufi ne ya fi damunsu, amma na hana su taɓa shi, na ce da rariya za mu fara, domin gidan ƙasa ta ƙafa ruwa ke cinsa, in ba ka nuna wa ruwa hanyar fita ba duk abin da ka ɗora a sama asara ce. Na koya musu kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa a bar ta ta tsima kafin a yi yaɓe. Na koya musu ƙwanƙwasa azara da gindin guduma su kasa kunne: in ta amsa da ƙarfi da sauran ranta, in ta yi muryar mai mura gara ta gama da cikinta. Na nuna musu a tudun kwano ake buga ƙusa ba a kwarin da ruwa ke bi ba, kuma indararo sai ya zarce bango sosai in ba so ake ya riƙa yi wa katanga wanka ba. Canza robar famfo, ɗaura ƙyaure ya rufu ba tare da an tokare shi da ƙafa ba, duk mun yi. A wajen wuta doka ɗaya na kafa, a kashe babban makunni ko da an ɗauke, don masu wutar ba sa sallama in za su dawo da ita. Akwai wani Ibo mai shagon kayan gini da muka daɗe tare, yana ce mini Baba ina ce masa surukina ko da yake ba ni da 'yar da zan ba shi. Shi ya riƙa tara mana kwanon da ya lanƙwashe a mota da guntayen bututu, wai ya gaji da ganin su.

Dogo ne kaɗai ya taɓa tambayata gidan na wane ne. Muna kan tsani ya yi tambayar, bai ko dube ni ba. Na ce nasu ne, ubangidana ya ba ni, ni kuma na ba su. Ya tambaya ko a gaban mutane aka yi. Na ce a gaban manyan gari ma, saura kaɗan a kira mai kakaki. Ya ci gaba da buga ƙusa. Daga ranar aikinsa ya canza. Da yana yi kamar mai koyo, yanzu bayan bangon da ba mai gani ma sai ya shafe shi sumul.

Kafin damina ta biyu kango ya zama gida. Matan unguwa suka fara aiko yara a kira musu samarin gidan Baba, famfo na zuba, ko sakata ta maƙale, domin yanzu in an tambayi ɗan ina ne akwai ƙofar da za a nuna. Taubashina yakan biyo ya tsaya a mota ya ce katangar ta karkace kamar wuyana. Wata rana ya aiko da bandir ɗin kwano sabo dal, ya ce sadakar bayi ce. Wata rana kuma ya ce in mun gama gyara masa gidansa mu sanar da shi zai sa amarya. Kowanne da dariya ya faɗa, kowanne da dariya na karɓa. Tsohuwata ce ba ta yi dariya ba. Ta ce in je in zauna da shi zaman manya, a kira mai unguwa da babban ɗansa, a faɗi maganar nan da fuskar da ba ta wasa ba. Na ce mata ita ba ta san taubasantaka ba, in na je masa da wannan fuska zai sa a ɗaure ni a kai ni wajen mai magani. Abin da ban faɗa mata ba shi ne kunya nake ji. Ban san da wace murya zan fara ba, ban taɓa jin ta a bakina a gabansa ba.

Ashe Dogo yana da uwa. Tun da aka tashi ƙauyensu tana raɓe a gidan wasu dangi na nesa a wajen Baure, idonta ya yi rauni, a ɗakin girki take kwana. Bai taɓa faɗa mini ba sai da ya gama ɗakin da ke kudu. Na ga ya sassare dokin ƙofa ya mai da shi ƙasa-ƙasa, na ce wannan ba karatun makarantata ba ne, ruwa zai shiga. Ya nuna mini ya riga ya karkatar da ƙasan tsakar gida. Na ga ya ja igiya daga bakin ɗakin zuwa bayan gida daidai ƙugu, na tambaya ko akuya ya saya. Sannan ya faɗa mini. Ranar da ya kawo ta a babur ɗin haya, 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa da ƙullin kayan da bai fi na jariri ba. Ta shiga ɗakin ta bi bango da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta tambayi wanda ya yi yaɓen. Aka ce ɗanta. Ta zauna a ƙasa ta yi ta sa mini albarka har na ji nauyi, na ce mata ta rage saura, in ta huta zan aiko da kayan na-gani-ina-so. Ta ce ta fi ƙarfin mai gwiwa irin tawa, ta ji ƙararta tun daga zaure. Ranar na fara ganin haƙoran Dogo. Sauran samarin ma suka sami uwa. Ita ke dama musu kunu, ita ke ƙwanƙwasa musu ƙofa da sanda in an kira asuba, kowa ta san shi da takunsa.

Bayan kaka taubashina ya kwanta, aka yi ta kai shi asibiti ana dawowa da shi. Tsohuwata ta ce yau ko in yi maganar ko kada in dawo mata gida. Na tafi ina bitar kalmomi a hanya kamar mai zuwa jarrabawa. Na same shi ya rame ƙwarai, babban ɗansa na zaune a gefen gado, wato ga mai kyauta ga shaida, Allah ya haɗa mini komai. Da ya gan ni ya ce wa ɗan ya ɓoye kwanon abinci, bawa ya iso. Na ce ni gadon na zo aunawa in ga ko zai yi mini. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗan ya ce rabon mahaifinsu da dariya tun da ya kwanta. To, Malam Edita, ta yaya zan bi wannan dariya da maganar gida, alhali ma'anarta ita ce na ga mutuwa a fuskarsa? Ya tambayi 'ya'yana na kasuwa, na ce suna gaishe shi. Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, bakinsa ya motsa kamar zai faɗi wani abu. Na ji hawaye na tahowa, kuma ban so yaro ya gani, sai na ce ya sake ni, hannunsa warin rowa yake. Ya saki. Ban sake ganinsa ba sai a makara.

Da aka zauna rabon gado, magadan ba mugaye ba ne, ina so a rubuta wannan da babban baƙi. Manyan 'ya'yan sun ce su da son ransu ne a bar samarin. Amma akwai ƙanana biyu, 'ya'yan matarsa ta baya, ɗaya bai daɗe da yaye ba, kuma malamin da ke rabon ya ce babu mai ikon yin alheri da haƙƙin maraya. Dukiyar ma ba ta kai yadda ake zato ba. Kangon da a da ba wanda zai tuna da shi, yanzu gida ne mai ɗaki huɗu da famfo da wuta. Da hannunmu muka shigar da shi cikin abin rabo. Malam ya ce in mamaci ya bayar tun yana da lafiya, aka karɓa aka shiga, to ba ya cikin gado, a kawo shaidu. Daga cikin dattawan nan biyu na gindin darbejiya ɗaya ya riga ya rasu. Ɗayan ya ce ya ji maganar, ya ga makulli, amma kuma yana wurin ranar da aka ba ni mota da uwargida, saboda haka abin da kunnensa ya ji kawai zai shaida. Malam ya ce shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa sun wadatar. In zan rantse cewa kyauta ce ta gaske, ba wasa ba, ba aro ba, gida ya fita daga gado. Ya ce in je in yi tunani zuwa Juma'a.

Dogo ya same ni bayan la'asar ina goge kayan aiki a ƙofar gida. Ya tsuguna. Tun da na san shi bai taɓa roƙona ko ƙusa ba. Ya ce ai ba ƙarya zan yi ba, mutumin da bakinsa ya ce ya ba ni, ya aiko da kwano, ya san an kawo tsohuwa bai ce a fitar da ita ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce shi namiji ne, bai manta hanyar rumfa ba, amma ita ta riga ta haddace ɗakin nan da hannunta, ta daina tuntuɓe. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Baba, kai ka ce mini an yi a gaban mutane." Na ce an yi. Ya ce to me ya rage. Na buɗe baki in sassauta zancen da wata tsokana kamar yadda na saba, na laluba ban sami ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka taru a zauren mamaci. Na yi alwala, kuma Allah shaida ne da niyyar rantsuwa na shiga. Malam ya maimaita mini abin da zan faɗa a hankali. Na rufe ido ina neman fuskar taubashina ranar da ya jefo mini makulli. Na same ta, kuma fuskar da ya ba ni mota da ita ce, ba bambanci ko kaɗan. Na tuna bandir ɗin kwano, na ce da gaske yake. Na tuna amaryar da ya ce zai sa a gidan, na ce da wasa yake. Na tuna hannuna da ya riƙe a kan gado. Shin cewa zai yi na bar maka, ko cewa zai yi ka duba mini ƙananan nan? Ni na hana shi faɗa. Mutumin da na fi sani a duniya, wanda nake gane takunsa a cikin duhu, ga magana ɗaya tak da nake bukatar sanin nufinsa a kanta, kuma ban sani ba. Ana cikin haka ƙaramin marayan ya shigo zauren yana tangaɗi, ya kama gwiwar yayansa yana kallonmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, zuciyata ta fi karkata ga cewa da gaske yake. Amma ban sani ba." Malam ya ce ba a rantsuwa a kan karkatar zuciya. Dogo na zaune a bakin ƙofa. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Gidan ya faɗa rabon ƙananan, aka ce za a sa haya a riƙa ciyar da su, kuma hakan daidai ne. An fara yi wa samarin tayi, amma kuɗin shekara ake so a dunƙule, su kuwa abin da suke samu na cin yau ne da gobe. Babban ɗan ya ba su har ƙarshen bazara, ya kuma ce mu cire kwano da ƙyamare da duk abin da muka sa, haƙƙinmu ne. Biyu daga cikin samarin har sun ɗauko guduma, Dogo ya karɓe. Ranar tashi hadari ya fara haɗowa daga gabas, kaya na waje, na nemi Dogo ban gan shi ba. Sai na ji bugu a sama. Yana kan rufi yana bin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu guduma, yana liƙe wani ɗan rami da kwalta. Na ce ya sauko, gidan ba namu ba ne. Bai tsaya ba, ya ce, "Baba, in ya yi yoyo sunanka za a kira." Sai da ya gama ya sauko, ya kama hannun uwarsa ya kai ta gidana, tsohuwata ta raba ɗakinta da ita.

Ɗaya daga cikinsu yanzu yana kwana a shagon surukina Ibo yana gadi, ɗaya wani ɗan kwangila ya tafi da shi Kano. Biyu sun koma rumfa. Hannunsu na nan da kyau, amma masu kiran su cikin gida sun ragu, don an koma tambayar farko. Dogo kuwa ya bi masu tsallaka iyaka zuwa arewa aikin gini, ya ce ba zai dawo ba sai da abin sayen fili, ko da faɗin tabarma ne. Da farko yakan kira a wayar maƙwabcinmu, ya yi magana da uwarsa, a ƙarshe ya ce a gaida Baba. Bai taɓa cewa a ba ni wayar ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin karɓa ba. Tun daminar bara wayar ba ta sake shigowa ba. Uwarsa har yau in ta tashi takan nufi bango tana neman ƙofa a inda ƙofar wancan ɗakin take.

Wasu sun ce na yi abin kirki, wasu sun ce na yi wauta, wai da na rantse Allah ya san niyyata. Ni ban yi nadamar ƙin rantsuwa ba, da an sake zama haka zan sake yi. Abin da ke cina shi ne zaman da ban yi ba tun mutumin yana da ƙafafunsa, zaman da bai fi a sha shayi a tashi ba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu sana'ar hannu da ke jawo samarin nan a jiki: ku ci gaba, wallahi akwai hannuwa masu albarka kwance a rumfunan kasuwa. Amma kafin ka koya wa wanda ba shi da gida buga rufi, ka tabbatar da ƙasar da rufin zai zauna a kai, domin shi ba kwano kawai yake bugawa ba, ransa yake kafewa a wurin. Ga masu taubasai kuma, ku yi wasanku, gadonmu ne, ni ma da za a dawo mini da nawa da yau sai na zage shi. Sai dai in magana ta shafi inda wani zai sa haƙarƙarinsa, ku kira mutum biyu marasa fara'a, ku faɗe ta a bushe, ku jure kunyar, sannan ku koma dariyarku.

Kowace safiya in uwar Dogo ta ji motsina a tsakar gida takan tambaya ko akwai labari. Da nakan ce mata ɗanta yana can yana gina mana bene, har da ɗakin da zan ajiye ta in an ɗaura. Takan yi murmushi don ta faranta mini. Yanzu na daina. Nakan ce mata babu, in jawo kujera kusa da ita, mu zauna.